Ƙwai Biyu Aka Ce

Sunanta na yanka Murjanatu, amma in ka shiga lungunsu a Daura kana neman Murjanatu, sai ka gaji da sallama ba a gane wadda kake nufi ba. Maiturare kowa ya sani. Shekara arba'in tana haɗa turaren wuta a gidan nan mai koriyar ƙofa, har bangon zauren ya sha ƙamshi, in yayyafi ya taɓa shi sai ka rantse kamu ake yi a ciki.

'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Zango. Uwarta mai awon hatsi ce, kuma abin da ta fara koya mata tun ba ta iya ɗaurin zane ba shi ne, kafin a auna miki, kifa mudun ki duba gindinsa, ko an buga shi ya shige ciki. Da wannan karatun aka kawo ta gidan Malam Abdulbaƙi mai ɗinkin hula, da shi kuma ta tsufa. Ba ta taɓa sayen farce ko kajiji na haɗin turare ba tare da ta sansana sau biyu ba. In an yi mata kyauta takan gode, sannan ta wuni tana tunanin abin da ke biye da kyautar. Ba muguwa ba ce, Allah ya sani. Mai fitar da abinci ce, mai zuwa gaisuwa ce, ba ta wasa da azumin Litinin da Alhamis. Zuciyarta ce dai ba ta iya zama a kan abu sai ta kifa shi ta duba.

Malam kuwa ba haka yake ba. Yakan ce mata, "Murja, in sai kin duba gindin kowane mudu, yaushe za ki tuƙa tuwo?"

Gidansu ne na farko da aka sa wa mitar lantarki a lungun. Katanga ɗaya ta raba su da gidan Kabo baduku, abokin Malam tun suna yara. Da matar Kabo ta kwanta ciwo mai tsawo, ana jinyarta cikin duhu da zafi, Malam ya kira mai gyaran wuta aka ja waya ta kan katanga. Aka yi wa gidan Kabo nasa fis daban a jikin allon mita, ɗan farin tangaran kamar sabulun wanka, wanda in an zare shi wutar can ta yanke, ta nan tana nan. Ƙa'ida ɗaya Malam ya yanka, ƙwai biyu, sai fanka in an shiga bazara. Bai taɓa karɓar komai ba, sai damin gero da Kabo kan aiko da kaka, Malam ya yi ta faɗa, daga baya ya karɓa.

Kabo ya riga mu gidan gaskiya, Malam ya bi shi bayan shekara huɗu. A ciwon ajalinsa ya riƙe hannun Maiturare ya ce, "Ban haƙa rijiya ba, ban gina masallaci ba. Wayar gidan Kabo ita ce rijiyata. Ko bayan raina kada a taɓa ta."

Ta ce ta ji. Kuma ta riƙe. 'Ya'yanta mata biyu suna aure a Kano da Katsina, sun yi sun yi ta koma wajensu ta ƙi, ta zauna ita da tukwanen turarenta da mitar Malam. A gidan Kabo kuwa saura ɗansa Hafizu, wanda ke bin motocin shanu zuwa kudu yana wata biyu wata uku bai dawo ba, da matarsa Haulatu da goyonta.

Maiturare ba ta iya karanta lambobin mita ba, amma ta san faifan da ke juyawa a cikin gilashin fiye da yadda ma'aikatan wuta suka san shi. Akwai baƙin ɗigo a gefensa. Tun tana takaba, da ba ta da wurin zuwa, takan shimfiɗa buzu a zaure ta ja carbi tana kallonsa, har ta gane lissafinsa. In rediyonta kaɗai ke kunne, sai ta zagaye carbi sau da yawa ɗigon bai dawo ba. In Haulatu ta kunna ƙwayayenta biyu da magariba, ɗigon kan dawo daidai ƙarshen tasbihi talatin da uku. Da rana kuwa, musamman da damina da ba a bukatar fanka, faifan barci yake yi.

Shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a, gari ya canja. An rufe gidajen kallo, mata sun cika makarantun Islamiyya, har tsofaffi irin su Maiturare sun sayi littafi da biro. A nan ta ji malama tana cewa wanda ya taimaka a kan saɓo yana da kamashonsa, ko da ashana ya miƙa. Maganar ta zauna mata.

Wata Talata cikin watan marka, da hantsi, ta fito zaure za ta shanya sandal ɗin da ta jiƙa, idonta ya faɗa kan mita. Faifai yana tafiya. Ta koma ciki ta duba, rediyo a kashe, ƙwai a kashe. Ta dawo ta ɗauko carbi. Talatin da uku cif, ɗigo ya dawo. Ta sake, haka. Da azahar haka, da la'asar haka. Ta tashi asuba ta leƙa, yana nan yana tafiya kamar jakin da ya san hanya.

Wa zai kunna ƙwai da rana tsaka? Kuma ta tuna, da mijin 'yarta ya zo da talabijin da bidiyo wata salla ya jona a gidan, kusan irin wannan tafiyar faifan ya yi.

Kwana biyar tana kallo ba ta ce uffan ba. Rana ta shida Yelwa dillaliya ta shigo karɓar turaren wata amarya. Yelwa mace ce da in ta shiga gida ta fito, ta san yawan kwanukan da ke cikinsa.

Maiturare ta ce, kamar ba da gangan ba, "Kwana biyu ban ga maƙwabciyata a Islamiyya ba."

"Ke ma kin lura? Ai jiya na shiga. Yaya, ɗakin nan na ƙurya da Kabo ke ajiye fata, an rufe ƙofarsa da bargo ruf. Ga haske yana fitowa ta ƙasa, rana tsaka! Na ce, Haulatu, me aka samu? Sai ta sha gabana da tabarma, wai mu zauna a tsakar gida an fi samun iska. Iska, ana yayyafi!"

"Kin ji wani sauti?"

"Ai ba a sa sauti yanzu, Yaya. Can unguwarmu an kama wani gida, ƙasa-ƙasa suke sawa, mata na shiga da hijabi kamar masu zuwa barka."

Maiturare ta ce, "A'uzu billahi. Kar ki kai maganar ko'ina." Ta san kuwa kamar ta zuba ruwa a kwando ne.

Abin da ya hana ta sukuni ba ma'aikatan wuta ba ne, ko da yake ta san in suka gane ana raba wuta za su iya zuwa da tsani. Malam ne. Shi yana can kwance yana jiran ladan rijiyarsa, ashe ta cikin wayar nan ana aika masa da rawa da waƙa da matan da ba su da ɗankwali. In ta zare fis ta karya wasiyya. In ta bari ta bar rijiya ta zama kwata. Duk inda ta juya, shi za ta cuta.

Ta aika aka kira Haulatu. Yarinyar ta shigo da goyo, ta durƙusa, idanunta sun faɗa kamar marar barci.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya lau. Hafizu ya yi aike?"

"Shiru dai har yanzu, Inna."

"Allah ya dawo da shi lafiya. Na ce ba, Haulatu, ƙwai nawa kike kunnawa a gidan nan?"

Haulatu ta ɗago, ta sunkuyar. "Biyu ne, Inna. Yadda Baba Malam ya ce."

"Biyu."

"Wallahi biyu."

"Ban ce ki rantse ba."

"Na ga kamar kina so ne."

Maiturare ta ba ta ɗan ƙullin turare ta sallame ta. Ta lura yarinyar, da za ta fita, ta saci kallon mita.

Sati biyu aka yi a haka. Duk ran da aka ɗauke wuta, kafin a ce me, sai ga Haulatu da kasko tana neman garwashi, ko ba lokacin girki ba. Maiturare ta rasa inda za ta ajiye wannan a lissafinta, sai ta ajiye shi gefe, kamar yadda mai zato kan yi da duk abin da bai dace da zatonsa ba.

Ran Talatar da aka cika sati uku, Shatu yayar Haulatu ta zo daga ƙauye. Maiturare tana bayan gida wajen tulun alwala, jikin katanga, ta ji muryoyinsu. Ba ta kasa kunne ba, amma ba ta matsa ba.

Shatu ta ce, "Ƙwan nawa ne yanzu?"

"Talatin da biyu ne, uku sun mutu. Na cire su."

"Tsohuwar ta sani?"

"Rufa mini asiri! Rannan har ta tsare ni da tambaya."

Butar hannun Maiturare ta kusa faɗuwa. Talatin da biyu! Nan take ta ga irin ƙananan ƙwayayen nan ja da kore da ake jerawa a igiya a ƙofar gidajen kallon da aka rufe, masu ƙiftawa kamar idon marar kunya. Wani zai ce me ya sa ba ta kawo ƙwan kaza a ranta ba? To, ta san annobar bazara ta share kajin Haulatu tas, ko gashin kaza babu a gidan. Kuma wanda ya yi sati uku yana kallon mita, duk ƙwan da ya ji na lantarki ne. Abin da ya fi ƙona mata rai rantsuwar. Yarinya ta dubi tsabar idonta ta ce wallahi. Da "tsohuwar" kuma.

Laraba da safe, ana marka tun asuba, ta tsaya gaban allon mita ta ce, "Malam, ka yafe ni, don kai na yi." Ta kama ɗan tangaran ɗin ta zare. Faifai ya yi ɗan taku ya tsaya cik. Ta kai fis ɗin ɗaki ta tura shi cikin tukunyar turare ta rufe.

Sai ta yi wata dabara da daga baya ta fi jin kunyarta fiye da zarewar. Ta kashe rediyonta, da magariba ta kunna aci-bal-bal, don Haulatu ta ɗauka ɗaukewa aka yi. Tana so ta ga su wa za su zo su koma, ta kama su da idonta.

Ba wanda ya zo sai Haulatu da kaskonta. Sau uku ran Laraba, sau huɗu ran Alhamis, zanenta jiƙe, goyo na kuka.

"Inna, a taimaka da garwashi. Itacena duk ya jiƙe. Kalanzir kuma an ce babu ko a bakin kasuwa."

"Me kike dafawa haka da ba ya nuna?"

"Ɗaki nake ɗumamawa."

"Uhm."

"Wannan ɗaukewar ta daɗe, Inna."

"Haka suke," in ji Maiturare, tana kallon gefe. Azumi kuwa take yi ranar.

Juma'a da hantsi ruwa ya tsagaita. Haulatu ta yi sallama, ba kasko a hannunta. Ba ta shigo ciki ba, a zaure ta tsaya, gaban allon mita, inda gurbin fis yake a buɗe kamar wawulo. Maiturare ta fito ta same ta.

"Inna, ƙwan ƙofar gidan liman yana ci tun jiya, sun manta ba su kashe ba. Yau na leƙa na gani." Muryarta ba ta tashi ba. "Kuma wata ta tare ni a bakin famfo ta ce yaushe ake fara fim, ita ma a sa da ita. Ban zo rashin kunya ba. Wuta taku ce. Amma ki zo ki ga gidan kallon, tun da da wutarki aka buɗe shi."

Maiturare ta yafa mayafi ta bi ta, amma har a lokacin tana cewa a ranta, an dai kwashe kayan ne.

Haulatu ta ɗage bargon. Hancin Maiturare ya riga idonta. Ba warin taro, ba turaren 'yan mata, sai ƙaiƙayi mai ɗumi da toka. A tsakiyar ɗakin ga wani babban kwali an lulluɓe shi da tsohuwar rigar Hafizu. An huda murfinsa an zuro waya, ƙwan lantarki biyu suna reto a ciki, a mace. A ƙasa, kan ƙaiƙayi, ga ƙwan zabi a jere, masu ɗigo-ɗigo, kowanne an shafa masa gawayi a gefe ɗaya. Ga ɗan kwano da ruwa a kusurwa, ga kasko ya huce.

"Shatu ce ta tara mini na zabinta," in ji Haulatu. "Ba kazar da za ta kwanta a kai. Na ji a rediyo an ce ɗumin ƙwan lantarki yana yi. Sai na ciro na ɗakina da na tsakar gida na sa musu, ni nake kwana a duhu. Biyu aka ce, biyu ne. Gawayin don in san wanda na juya. Na ce in Allah ya raya su, ko Hafizu ya yi aike ko bai yi ba, ni da yarinyar nan ba za mu miƙa hannu ba. Jibi ne kwanansu na ƙyanƙyashewa."

Maiturare ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta ɗauki ɗaya. Sanyi ƙalau kamar dutsen rafi. Ta kai kunne, shiru. Ta ɗauki wani, shiru. Na biyar, daga tsakiya, da ɗan ɗumi, ta ji wani abu can ciki, ƙyas, ƙyas, kamar ana taɓa ƙofa da farce.

Ba a taɓa ganin Maiturare tana gudu ba sai ranar. Ta zube tukunyar turare a kan tabarma, ta tsamo fis yana naso, ta goge da bakin zane, ta cusa shi a gurbinsa. Ta ɗaga kai tana jiran faifai.

Bai motsa ba. Ta leƙa ƙofar gidan liman, ƙwan ya mutu. Yanzu kam an ɗauke da gaske.

Ta ce, "Innalillahi," sau ɗaya. Sannan ta shiga ta kwaso kaskon turarenta guda huɗu da gawayin ƙirya da take ɓoyo don manyan amare. In akwai abin da ta sani a duniya, wuta ce marar harshe, wadda za ta gasa ba ta ƙona ba. Ta binne garwashin da toka, ta jera kaskon a kewayen kwalin, ba kusa ba, ba nesa ba. Takan ɗauki ƙwai ta ɗora a fatar idonta ta ji ɗuminsa, ta ce, "Ja wancan baya kaɗan. Ƙara wa wannan toka. Ke, ba haka ba, za ki dafa su ne?" A nan ta yi azahar, a nan ta yi la'asar, kan buhu. Ana kiran la'asar ɗin ne ƙwayayen biyu suka kawo haske.

Cikin ashirin da tara da suka rage, sha ɗaya suka fito. Sauran Haulatu ta haƙa rami bayan ɗaki ta binne, ba ta bari an fasa an gani ba. Maiturare ta tsaya a kanta har ta gama.

"Ki yafe ni," ta ce. Ba ta taɓa faɗa wa wanda ta haifa ko ta girma haka ba, kalmar ta fito a karkace.

"Allah ya yafe mana, Inna."

"Amma ke ma, me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

"An ce ba a faɗin ƙwai sai ya fashe. Tsoron baki."

"Bakin wa?"

Haulatu ta gyara goyonta. Maiturare ta buɗe baki za ta sake tambaya, ta rufe.

Washegari ta sa hijabi ta nemo Yelwa, ta tasa ta gaba gida-gida, duk inda maganar ta shiga. A kowane gida ita ke fara magana, "Ni na yi zato, wannan ta yi dako. Zabi ne." An yi dariya har aka gaji, wasu har yau in sun ga zabin Haulatu sukan ce ga 'yan fim nan sun fito. Ita ba ta yi dariya ba.

Kada in ce ta canja hali, don ba ta canja ba. Har ta koma ga Mahaliccinta tana sansana farce sau biyu, kuma da zabin suka girma suka fara dirowa gidanta, ta sha cewa Haulatu ce ke koro su da gangan don su ci tsabarta. Abu ɗaya ne ta daina. Ta ɗauke buzunta daga zaure ta mai da shi ɗaki, ta ce carbi ba ma'auni ba ne, shekara uku tana cewa subhanallah idonta na kan ƙwan mutane. In za ta wuce ta gaban mita sai ta ja mayafi ta kare gefen fuskarta, ko da yake waɗanda suka san ta sun ce tafiyarta kan ɗan ragu daidai wurin.

Wayar tana nan bisa katanga. Fis ɗin ma shi ne dai, kuma in wuta ta daɗe ya yi ɗumi, zauren kan ɗauki ƙamshin sandal da kajiji. Allah ya kai ladan ga Malam Abdulbaƙi, ya haskaka kabarin matarsa, ya shirye mu da abin da muke zato.